Ƙafar Bene a Gidan Bahaushe: Daga Ƙasa da Azara zuwa Kankare

Gidan Bahaushe na gargajiya a ƙasa yake yaɗuwa, domin idan iyali suka ƙaru ɗaki ake ƙarawa a tsakar gida, idan kuma fili ya ƙare sai a yanki wani sashe a gefe, saboda haka ɗora ɗaki a kan ɗaki ya daɗe yana zaman abin da sarakuna da manyan attajirai kaɗai ke iya yi. Wannan ne ya sa ƙafar bene, wato matakalar da ake takawa daga ƙasa zuwa ɗakin sama, take da tarihi mai bayyana abubuwa da yawa game da arziki da sirrin gida da kuma irin kayan ginin da ke hannun magina a kowane zamani. Siffarta ta sauya ƙwarai a cikin shekaru ɗari biyu da suka wuce, amma ba kowane sauyi ne ya zo da sauƙi ga mai hawa ba.

Akwai tsohuwar shaida a rubuce game da matakalar gida a Kano daga matafiyan Turai na ƙarni na 19. Hugh Clapperton, wanda ya shiga birnin a 1824, ya bayyana gidajen ƙasa masu kusurwa huɗu waɗanda ke da babban ɗaki a tsakiya inda ake karɓar baƙi, da ƙananan ɗakuna na ajiyar kaya a kewaye, sannan da matakala da ke kaiwa ga wani buɗaɗɗen lungu a sama wanda ta nan ake shiga ɗakunan bene masu ƙananan tagogi. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851 ya zauna a unguwar Dala, ya lura cewa gidajen fataken Larabawa suna da ɗakin sama marar tsari sosai, kuma da yawa daga cikinsu a kan rufi suke kwana. Waɗannan fatake, waɗanda akasarinsu mutanen Gadamas ne da Tarabulus, sun zo da al'adar garuruwan Sahara inda fili yake da ƙaranci a cikin ganuwa, kaya ke zama a ƙasa, mutum kuma ya hau sama neman iska. Sai dai ba a gidajensu kaɗai aka san aikin matakala ba, domin hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da hasumiyar babban masallacin Agadas mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa wajajen 1515 aka kuma sake gina ta a 1844, duka suna nuna cewa maginan wannan yanki sun daɗe da sanin yadda ake ɗaga mutum sama a kan ƙasa da itace.

Abin da ya ƙayyade siffar tsohuwar matakala shi ne azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, wanda kuma ba ya iya ɗaukar nauyi idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kusan mita 2. Magini yakan fara da tubali, wato curin ƙasa mai siffar ƙwai da aka busar a rana, ya gina takun farko a matsayin tudu cikakke marar rami, sannan idan tsayi ya fara yawa ya shimfiɗa azara a tsakanin bangaye biyu, ya ɗora ƙasa a kai ya fitar da sauran takun. Saboda gajartar azara dole matakalar ta kasance siririya, sau da yawa ba ta wuce faɗin mutum ɗaya ba, kuma bangayen da suka riƙe ta su ne abin dafawar mai hawa. Ramin da ya rage a ƙarƙashinta ba ya zama a banza, nan ake ajiye tukwane ko hatsi ko kayan doki. Nauyin ɗakin sama kuwa yana bukatar bangon ƙasa mai kauri sosai daga tushe, wanda ke sirancewa yayin da yake hawa, shi ya sa gina bene aiki ne da ake kiran ƙwararren magini dominsa, irin waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Magina, ba duk wanda ya iya yaɓe ba.

Takun irin wannan matakala yana da tsayi, kuma da wuya a sami biyu da suka yi daidai da juna, domin da hannu da ido ake aunawa, sannan ƙafa tana cinye tsakiyar kowane taki a hankali har ya yi kwari. Maganin wannan shi ne yaɓe na shekara-shekara da rani, lokacin da ake gyara rufi da indararo, ake kuma shafa makuba, wato ruwan da ake samu daga kwasfar ɗorawa wanda ke ƙarfafa fuskar ƙasa. Wannan tsari yana da wata fa'ida da ba a cika yaba masa ba: matakala ce da mai gida ke iya sabuntawa da kayan da ke ƙofar gidansa, ba tare da an rushe komai ba.

Wurin da ake sa ta ma yana da ma'ana. A yawancin gidaje bene yana kan zaure ne ko a sashen maigida, matakalar kuma a ɓoye take a wani lungu inda baƙo ba zai gan ta ba sai an nuna masa. Fikihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da shi, ya hana mutum buɗe taga ko wata kafa da za ta ba shi damar leƙen cikin gidan maƙwabci, kuma a birnin da ake kulle wannan ba ƙaramar magana ba ce. Don haka tagogin bene ƙanana ne, rawanin ginin, wato ɗan bangon da ke kewaye rufi, ana ɗaga shi, hawa sama kuma ya zama abu mai ladabi da iyaka.

Zuwan Turawan mulkin mallaka Kano a 1903 bai sauya kayan gini nan take ba, domin jami'an farko a gidajen ƙasa suka zauna, kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna a Nasarawa, ginin ƙasa ne mai bene wanda maginan gida suka yi. Jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, shi ne ya kawo kwano da katako da siminti da yawa, kuma 'yan kasuwar Siriya da Lebanon da suka kafa shaguna a yankin Kantin Kwari suka yaɗa tsarin shago a ƙasa da mazauni a sama. Duk da haka siminti ya ci gaba da tsada har sai da aka fara yin sa a cikin ƙasa, a Nkalagu a 1957, a Ewekoro a 1960, sannan a Kalambaina kusa da Sakkwato a 1967. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka kammala juyin, lokacin da odar siminti ta gwamnati ta yi yawan da a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas suna jiran sauke kaya.

Kankare mai rodi, wato haɗin siminti da yashi da tsakuwa da aka zuba a kan saƙar ƙarfe, ya 'yantar da matakala daga iyakar azara. Yanzu kafinta ne ke fara aikin, ya haɗa katako a siffar takun, mai ɗaurin rodi ya biyo baya, sannan a zuba kankare, galibi tare da dekin, wato daɓen kankare na ɗakin sama, a bar shi makonni kafin a cire katakon, domin kankare yana ɗaukar kusan kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Matakala ta sami faɗi, ta sami wurin hutawa a tsakiya inda take juyawa, ta kuma fito daga lungu ta shigo falo, inda ta zama abin da baƙo ke fara gani kuma abin da mai gida ke nuna wadatarsa da shi. A gidajen haya kuwa akasin haka aka yi, aka fitar da ita waje gaba ɗaya domin kowane ɗan haya ya sami mashigarsa.

Tare da kankare wata ƙa'idar awo ta shigo ta hannun masu zanen gini da makarantun fasaha. Asalinta daga François Blondel ne, masanin gini na Faransa wanda ya fara wallafa darussansa a 1675, kuma ya lura cewa idan aka ninka tsayin taki sau biyu aka haɗa da zurfinsa, ya kamata jimillar ta yi daidai da takun mutum a fili, wato kusan santimita 63. Taki mai tsayin santimita 17 da zurfin santimita 29 ya cika wannan sharaɗi. Abin damuwa shi ne yawancin gidajen da ake ginawa ba tare da mai zane ba ba sa bin wannan lissafi, ana barin wa matakala ɗan filin da ya rage ne bayan an gama yanka ɗakuna, sai kafinta ya matse ta yadda za ta shiga. Sakamakon shi ne matakala mai tsayin taki kamar ta dā, amma da kaifin baki da taurin da ƙasa ba ta taɓa yi ba, kuma tsofaffi da masu ciki da yara ne ke ɗanɗana kuɗarta kullum.

Sabunta matakala a yau ya kasu kashi biyu, kuma kowanne yana da nasa haɗari. A gidan siminti yawanci fuska ake canzawa: terazo na shekarun baya ya ba tayil da dutsen marmara wuri, abin dafawa na bulo ko na ƙarfen mai walda ya ba ƙarfe mai ƙyalli da gilashi wuri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora sabon tayil a kan takun ba tare da la'akari da daɓen ƙasa da na sama ba, abin da ke sa takin farko da na ƙarshe su bambanta da sauran, alhali ƙafa tana sabawa da awo ɗaya ne tun daga hawa biyu na farko, ƙaramin bambanci kuma ya isa ya kayar da mutum. Tayil mai santsi a gidan da ake hawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala zaɓi ne marar kyau, komai kyansa a ido. Abin dafawa yana bukatar tsayin kusan santimita 90, tazarar sandunansa kuma kada ta wuce santimita 10, don kada kan yaro ya shige.

A tsohon gidan ƙasa matsalar ta fi zurfi. Siminti ba ya kama ƙasa, kuma idan aka lulluɓe tsohuwar matakala da shi yakan tsare danshi a ciki har azara ta ruɓe ba tare da an gani ba, idan kuma aka rushe ta aka zuba ta kankare a jikin bangon tubali, an ɗora wa bangon nauyin da ba a gina shi dominsa ba. Inda dole ne a sauya, hanya mafi aminci ita ce sabuwar matakala ta tsaya a kan nata tushe da nata ginshiƙai, ko a yi ta da ƙarfe marar nauyi, a bar tsohon bangon ya ɗauki abin da ya saba ɗauka. A cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da unguwar Birni ta Damagaram, masu gida da yawa suna zaɓar rushe benen gaba ɗaya su sake shi da bulo, kuma maginan da suka iya shimfiɗa azara a karkace su fitar da taki a kanta suna raguwa, ita kanta giginyar da ake tsagawa ta yi tsada saboda nisan dajin da ake samo ta.