Yadda Darasin Balaga Ya Shiga Makarantun Sakandare

Koya wa matasa abin da ya shafi balaga da haihuwa ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin zuwan boko, sai dai ba a hannun iyaye yake ba. Kunya ba ta barin uwa ta yi wa 'yarta irin wannan zance, balle 'yar fari da ko sunanta ba ta iya faɗa. Nauyin yakan faɗa kan gwaggo ko yaya, ko kaka, da yake akwai wasa tsakaninta da jika. Su ke nuna wa yarinya yadda ake ƙunzugu ranar da ta fara ganin al'ada, su ne kuma ke ja mata kunne daren da za a kai ta ɗakin miji. Goyon ciki da wankan jego kuwa na ungozoma ne da tsofaffin gida. Namiji bai samu ko wannan gata ba. Daga shayi sai abin da ya tsinta a bakin sa'o'insa.

A makarantar ilimi aka fi fayyace magana. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake fara wa ɗalibi da su, irin su Ahalari da Iziyya da Risala, suna bayanin tsarki dalla-dalla. Malam na kan buzu, ɗalibi na jan baƙi, ana fassara kalma bayan kalma: bambancin maniyyi da maziyyi, abin da ke wajabta wanka, cewa hailar wadda ta fara ba ta wuce kwana 15, jinin biƙi kuma iyakarsa kwana 60. Domin sallah da azumi su inganta ake karanta wannan, amma ta nan ɗalibi ke sanin jikinsa. Mata ba su cika samun rabonsu ba, abin da ya sa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta riƙa tura jajojin 'Yan Taru ƙauyuka suna karantar da mata.

Boko ta sauya lissafi, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Yarinyar da a da za ta balaga a gaban kakarta, yanzu a makarantar kwana abin ke riskarta. Akwai babin haihuwa a littafin bayoloji, har da zanen mahaifa, amma sau da yawa malami kan bi ta kansa a guje.

Ƙanjamau ne ya tilasta a yi magana. An ba da rahoton ɓullarsa a Nijeriya a 1986, zuwa 2001 kuma kashi 5.8 cikin ɗari na matan da aka gwada a wurin awon ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar. Bayan taron yawan jama'a na Alƙahira na 1994, ƙungiyoyi irin su Action Health Incorporated ta Legas suka matsa lamba, Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a 1999 a saka darasin a makarantu, aka ɗora wa hukumar NERDC tsara manhaja.

Nan aka yi karo da jama'a. Sunan da aka ba darasin, ilimin jima'i, shi kaɗai ya isa ya tayar da ƙura. Malaman Musulunci da na Kirista da iyaye suka ce ana son buɗe wa yara ido ne. Ala tilas aka rage wasu batutuwa, aka sake masa suna Ilimin Zaman Iyali da Ƙanjamau, wato FLHE, aka bar wa kowace jiha ta daidaita shi da al'adar mutanenta. Bai zama darasi mai zaman kansa ba, an cusa shi cikin wasu darussa ne kamar kimiyya da sanin zaman jama'a. Legas ta yi gaba wajen aiwatarwa, jihohin Arewa da dama suka ja ƙafa.

Rigimar ba ta kwanta ba. A Nuwamban 2022 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya umarci NERDC ta cire ilimin jima'i daga manhaja, yana mai cewa aikin iyaye da malaman addini ne. Babin haila da na janaba kuwa har gobe ana karanta su a Islamiyyu, kuma iyayen ne da kansu ke tura 'ya'yansu can.