Kirifto: Tsakanin Sake Sayen Sulalla da Zuba Kuɗi Domin Bunƙasa Dandali

Sake sayen sulalla shi ne dandalin kirifto ya ɗebi wani kaso na kuɗin shigarsa ya shiga kasuwa ya sayi sulallan da shi kansa ya fitar. Wasu dandalin kan ƙona abin da suka saya, wato su tura shi wani adireshi da babu mai iya buɗewa har abada, wasu kuma su kulle shi na tsawon wasu shekaru. Manufar ita ce a rage yawan sulallan da ke yawo, da fatan farashi zai tashi. Sai dai kowace dala da aka kashe ta wannan hanya an hana ta zuwa wani wuri: albashin masu gina manhaja, binciken tsaro, tallafin sababbin ayyuka da kuma asusun ko-ta-kwana.

Asalin tsarin

Daga kasuwar hannun jari aka aro dabarar. A Amurka ta bazu bayan 1982, lokacin da hukumar kula da hannun jari ta ƙasar ta sassauta ƙa'idojinta. A Najeriya ma an gani, domin a watan Disamba 2020 kamfanin simintin Dangote ya sayi hannun jarinsa miliyan 40.2 daga kasuwa.

A duniyar kirifto, kamfanin Binance ne ya shahara da ita. Da ya fitar da sulallan BNB guda miliyan 200 a 2017, ya yi alkawarin ware kashi 20 cikin 100 na ribarsa duk wata uku domin saye da ƙonawa, har sai saura miliyan 100. A 2025 tsarin ya sake samun karɓuwa. Jupiter ya sanar a watan Janairu cewa rabin la'adar da yake samu za ta tafi sayen sulallan JUP, a kulle su shekara uku. Aave ya fara a watan Afrilu da dala miliyan ɗaya a kowane mako, shi kuwa Hyperliquid mafi yawan la'adarsa yake zubawa a sayen HYPE.

Hujjar masu goyon baya

Mai hannun jari yana da haƙƙi a kan kadarorin kamfani a gaban doka, kuma yana iya karɓar rabon riba. Mai riƙe da sulalla galibi ba shi da wannan haƙƙi. Saboda haka masu goyon baya ke cewa sake saye ita ce hanya mafi sauƙi da nasarar dandali za ta isa aljihun waɗanda suka zuba kuɗinsu. Suna kuma cewa kuɗi idan ya taru a baitulmali ba tare da aikin yi ba, yakan jawo almubazzaranci da ayyukan da babu mai bin diddiginsu.

Abin da ake rasawa

Matsala ta farko ita ce lokaci. La'ada tana yawaita ne sa'ad da kasuwa ke tashe, wato dandali yakan fi saye a daidai lokacin da sulallansa suka fi tsada. Idan kasuwa ta faɗi, kuɗin shiga ya ragu, sayen ma sai ya ragu a lokacin da aka fi buƙatarsa.

MakerDAO, dandalin da ya riƙa ba da rancen DAI bisa jingina, ya ɗanɗana wannan. Tsarinsa ya tanadi ƙona sulallan MKR da rarar kuɗi. A ranar 12 ga Maris 2020 farashin Ether ya faɗi da sama da kashi 40 cikin 100, jinginar masu rance ta kasa rufe bashinsu, aka wayi gari da giɓin sama da dala miliyan huɗu. Ajiyar da ke hannu ba ta isa ba, dole aka ƙirƙiri sababbin MKR kusan dubu 21 aka yi gwanjonsu a kasuwar da ta riga ta karye. Abin da aka rage a lokacin wadata, an dawo da shi a lokacin tsanani.

Matsala ta biyu ita ce sakin sababbin sulalla. Dandali da yawa sun ware kaso mai tsoka ga waɗanda suka kafa su da manyan masu zuba jari, ana sakar musu shi wata-wata. Idan abin da ake saki ya fi abin da ake saye, to kuɗin dandali ya zama kasuwar da waɗancan manya za su sauke hajarsu.

Ta uku, ƙonawa ba shaidar gaskiya ba ce. Kamfanin FTX ya riƙa ware kashi ɗaya bisa uku na la'adarsa domin saye da ƙona FTT, amma da asirinsa ya tonu a watan Nuwamba 2022, farashin ya sauko daga kimanin dala 22 zuwa ƙasa da dala 5 cikin 'yan kwanaki, kamfanin kuma ya durƙushe.

Kashe kuɗi da sunan bunƙasa

Ɗaya zaɓin ma yana da nasa haɗarin. Akwai tallafin da ke biyan aikin da aka gani a ƙasa, kamar yadda Optimism ya raba sulallan OP miliyan 30 ga ayyuka da mutane kimanin 500 a farkon 2024, bayan sun riga sun yi aikin. Akwai kuma kuɗin da ake rabawa domin kawai a tara jama'a. Manhajar Anchor ta dandalin Terra ta riƙa biyan masu ajiya ribar kusan kashi 20 cikin 100 a shekara, fiye da abin da take samu. A watan Fabrairu 2022 sai da aka ƙara wa asusunta dala miliyan 450, a watan Mayu kuma tsarin ya rushe da dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala biliyan 40.

Manomin gero a Dapchi ko Gashuwa ya san wannan lissafi. Bayan girbi akwai abin da gida zai ci, akwai na rumbu, akwai iri. Wanda ya cinye duka ba shi da damina mai zuwa, wanda kuma ya watsa irinsa a kan fako ya yi asara sau biyu.

Abin dubawa ga mai saye a Najeriya

Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairu 2021, ya janye haramcin a Disamba 2023. Dokar zuba jari da hannun jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Duk da haka, yawancin dandalin da ke sanar da sake saye a ƙetare suke, kuma alkawarin nasu ana iya sauya shi da ƙuri'ar manyan masu sulalla ko shawarar shugabannin kamfani.

Kafin sanarwar sake saye ta sa mutum ya fitar da kuɗinsa, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya nemi amsarsu. Daga ina kuɗin sayen yake fitowa, la'adar masu amfani da dandalin ce ko ajiyar da aka tara daga sayar da sulalla? Nawa ake saye a wata, nawa ake saki? Wata nawa ajiyar dandalin za ta iya biyan ma'aikata idan kasuwa ta faɗi? Su wane ne ke da ikon dakatar da shirin? Dandalin da ke da kuɗin shiga na haƙiƙa, ya cika asusun ko-ta-kwana, ya biya masu gina shi, sannan ya sayi sulalla da abin da ya rage, shi ne ya fi kusa da ɗorewa.