Tsofaffin Taswirorin Birnin Kano da Amfaninsu ga Mai Neman Asali

Aikin rubutu a kotun alƙali ya nuna mini cewa yawancin shari'ar gado ba ta wuce tambaya biyu, watau ina iyakar gidan take, kuma wa ya fara zama a cikinsa. Muddin akwai tsofaffi a unguwa, amsar ba ta da wuya. Amma in suka ƙaura, sai katanga ta zama abin jayayya tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Shi ya sa na ga ya kyautu in ja hankalinku ga tsofaffin taswirorin Kano da aka sake bugawa.

A shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Bature mai suna Clapperton, wanda aka laƙaba wa Abdullahi, ya sauka a Kano, ya zana siffar birni. Aka buga ta a Ingila a 1826. Ya ce gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ganuwa ta kewaye ba, saura duk gonaki ne da lambuna.

A 1851, zamanin Sarki Usman, Barth Bajamushe, watau Abdulkarim, ya zo ya sauka a unguwar Dala. Taswirarsa ta fi ta farko cika, gama ta nuna ƙofofi, da Dala da Goron Dutse, da Jakara, da kasuwa, da gidan Sarki, da sunayen unguwanni. Ya ƙiyasta mazaunan birni kamar mutum 30,000. Littafinsa ya fito a 1857, aka sake buga shi a Landan a 1965.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, aka huda Sabuwar Ƙofa a 1937. To, ga dabara ta farko: takarda ko labarin da ya ambaci Sabuwar Ƙofa bai girmi wannan shekara ba. Haka kuma wanda ya ce kakanninsa sun yi shekara ɗari biyu a wurin da taswirar Barth ta nuna gona ce, sai a sake binciken maganarsa.

Dabara ta biyu, sunan unguwa yakan faɗi asalin mutanenta, kamar Agadasawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Ayagi ta Yarabawa. Sai dai a yi hattara, don Turawan da ake nufi a Dandalin Turawa Larabawa ne fatake, ba mutanen Ingila ba.

Amma kada a ɗora wa taswira kayan da ya fi ƙarfinta. Waɗannan baƙi da ido da taki suka auna, sunayen kuma da kunnen baƙo suka ji su. Taswira tana nuna wuri, ba ta nuna mai shi. Wannan aikin shaidu ne. Saboda haka wanda ya sami ɗaya, ya kai ta zauren mai unguwa, ya karanta wa dattawa sunayen, ya rubuta abin da suka faɗa tun suna da rai.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu riƙe amana, amin.