Toshe ramin zuciya ta jijiyar cinya

A shekarun da na yi ina aikin lafiya tsakanin Karaye da Rogo, duk macen da aka kawo da haki da kumburin ƙafa bayan haihuwa, tsofaffi sun riga sun yanke hukunci: ruwan zafi ne bai ratsa ta ba. Mu kuma masu farin kaya mu ce a'a, wankan jegon ne da kunun kanwa suka yi yawa. Muna da madogara, don tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka bibiyi matan Zariya, suka danganta raunin zuciya bayan haihuwa da kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta.

Sai dai a cikin matan nan akwai ƙalilan da jego bai yi musu laifin komai ba. Da rami aka haife su a bangon da ya raba ɗakunan sama na zuciya. Ramin nan akwai shi da haƙuri. Yarinya za ta yi talla, ta yi surfe, ta yi aure bai motsa ba, sai ciki ya ƙara wa zuciya kaya, ko shekaru su ja, sannan ya bayyana.

Da can maganinsa guda ne: a tsaga ƙirji, a tsayar da zuciya, a ɗinke. A Najeriya sai 1974 aka fara irin wannan tiyata, a Inugu, da hannun Magdi Yacoub da Fabian Udekwu. Hanyar da ba ta bukatar tsaga kuwa wani mai taurin kai ne ya buɗe ta. A 1929, a garin Eberswalde na Jamus, Werner Forssmann, matashin likita, ya zura siririn tiyon fitsari a jijiyar hannunsa har ya kai zuciyarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto don ya kafa shaida. Manyansa suka ce wasan banza ne. A 1956 aka ba shi kyautar Nobel.

Daga leƙe aka koma gyara. Werner Porstmann ya toshe wata jijiyar jarirai da ta ƙi rufuwa a Berlin a 1967. A 1975 Terry King da Noel Mills suka rufe ramin zuciyar wata budurwa 'yar shekara 17 a New Orleans ta Amurka, wuƙa ba ta taɓa ƙirjinta ba. Amma wanda ya mai da abin aikin yau da kullum shi ne Kurt Amplatz. Matoshinsa saƙar waya ce ta nikel da titaniyom, kamar faifai biyu da aka haɗa ta cibiya. Ana matse ta cikin tiyo, a bi jijiyar cinya, tana fita ta buɗe ta kama bangon ta kowane gefe. A Bratislava aka fara sa wa mutum a 1995. Mara lafiya kan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu, ya sha asfirin wata shida, kafin nan fatar cikin zuciya ta lulluɓe wayar.

Ba kowane rami ne ke karɓar matoshi ba. Sai wanda yake tsakiyar bango, mai gefen da waya za ta kama; sauran galibi sai tiyata. Kuma in an bar jini yana bi ta ramin yana kwarara cikin huhu fiye da kima shekara da shekaru har jijiyoyinsa suka ƙanƙance, rufewar ma cutarwa take yi. Shi ya sa ni ban cika damuwa da tsadar matoshi da kuɗin jirgin zuwa Indiya neman magani ba, duk da su ake kuka da su. Mutumin Rogo kafin ya kai nan sai an sami wanda ya kasa kunne a ƙirjinsa ya ji shuu ɗin da bai kamata ba, ya tura shi asibitin Shika ko na Malam Aminu Kano a yi masa hoton zuciya, tun huhun bai lalace ba.