Takardar da ke wanke jirgin ruwa

A ofisoshin titin Ahmadu Bello a Kaduna, idan masu binciken kuɗi suka kammala aiki ba su ga ɓaraka ba, sai ka ji an ce ma'aikata ta samu "clean bill of health". Mu 'yan jarida mukan fassara da "an wanke ta", kamar likita ne ya duba. Alhali maganar a bakin teku aka haife ta.

Bayan annobar da ta afka wa Turai a 1348, biranen gaɓar Bahar Rum suka shiga ɗari-ɗari da baƙin jirage. A 1377 Ragusa, wato Dubrovnik ta yau, ta wajabta wa masu zuwa daga garuruwan annoba kwana 30 a keɓe. Daga baya aka ɓullo da takarda: hukumar tashar da jirgi ya baro ta rubuta halin da garinta yake ciki. In babu annoba, takardar "mai tsabta" ce.

Ka lura, garin da aka baro take yi wa shaida. Ba kamar katin rigakafin da maniyyaci ke riƙewa a sansanin alhazai na Mando ba, wanda ke magana kan jikin mai shi.

A 1720 jirgin Grand Saint-Antoine ya iso Marseille ta Faransa daga gaɓar Sham da irin waɗannan takardu masu tsabta, duk da an yi mace-mace a cikinsa a hanya. Fatake na ɗokin a sauke yadudduka, aka sassauta keɓewar. Annobar ta hallaka kusan rabin mutanen birnin.