Jar Lema da Koren Tambari: Waiwaye kan Rigakafin Kwamfuta a Mubi

Kwamfuta ta bazu a Mubi ne ta ƙofar makaranta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka dawo da ita daga Yola a 1982, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, su suka tara dubban ɗalibai masu neman inda za a buga musu aikin gida da furojet. Shagunan buga takardu suka yi ta tsirowa a bakin ƙofofin makarantun, kowane da janaretonsa a waje. Kwamfutocin da ke ciki gwanjo ne, daga Ikeja ko daga Kano, da Windows XP a kansu, RAM ɗinsu megabait 256, mai sa'a 512. Wannan ƙarancin ne ya riƙa yanke hukuncin wane antibairos zai zauna a kwamfuta, kuma mai gyara ne ke zartar da hukuncin. Mai kwamfuta ba a cika tambayarsa ba. Ya kai fomatin, ya dawo da abin da aka sa masa.

Littattafan da ɗalibai ke karantawa suna gargaɗi a kan saƙon imel, don a wancan lokacin duniya ba ta gama farfaɗowa daga bairos ɗin ILOVEYOU na watan Mayun 2000 ba. A Mubi kuwa bairos a aljihu yake yawo. Hanyar tsohuwa ce: Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a Lahore a 1986, a faifan fulofi ya zaga duniya. Da filash ya maye gurbin fulofi sai abin ya ƙara sauri, domin Windows XP na da wata ɗabi'a: da zarar ta ga ƙaramin fayil mai suna autorun.inf a filash, tana iya kunna abin da ya umarce ta. Ɗaliba ta buga babi na uku a shago ɗaya, ta kai wani shagon a fitar mata a firinta, ta kai wa malami ya duba a laftof ɗinsa, kafin la'asar kwamfuta uku sun kamu. Masu tura waƙoƙi da fina-finai a katin memori suka ƙara wa hanyar faɗi. Duk wanda ya yi aiki a irin waɗannan shagunan ya san RavMon da Sality da fayil ɗin nan mai shigar folda da ake kira New Folder. Daga baya mai mayar da kaya shotkot ya zo, wanda ya fi kowane sa ɗalibai kuka, alhali yawanci bai goge komai ba, ɓoyewa kawai ya yi.

A cikin antibairos, Norton da McAfee su aka fara sani, don su ke zuwa a kan sababbin kwamfutoci da wa'adin gwaji. Ba su yi ƙarko ba. Norton na tsakiyar shekarun 2000 ya yi ƙaurin suna wajen nauyi har a ƙasashen da ke da manyan injuna, balle a kan tsohon Pentium. Wa'adi na ƙarewa kuma sai a nemi dala ta katin banki, abin da 'yan kaɗan ke da shi.

Na kyauta uku ne suka raba kasuwar, kuma dukkansu daga tsakiyar Turai. Avast, wanda Pavel Baudiš da Eduard Kučera suka fara a Prague a 1988, shi ne mai muryar nan da ke sanar da an sabunta shi, yakan razana mutum idan an manta lasifika a buɗe, kuma sai an yi masa rajista duk shekara. AVG na kamfanin Grisoft ne a Brno. Sai Avira na Jamus mai jar lema, wanda a ganina shi ya fi dacewa da injunan wancan zamanin: ba ya cin RAM sosai, yana da hanci, aibinsa tallan da yake watsowa a fuska da kuma yawan zargin fayil mai lafiya. Masu gyara da suka san aikinsu ESET NOD32 suke so don ya fi duka sauƙi, amma na kuɗi ne, saboda haka aka koma farautar sunan shiga da kalmar sirri a intanet, waɗanda kamfanin ke toshewa bayan 'yan kwanaki. Mabuɗan Kaspersky ma haka suka riƙa mutuwa a hannun mutane.

Sai dai babbar matsalar ba sunan antibairos ba ce, sabuntawa ce. Waɗannan manhajoji suna gane bairos ne da jerin alamomi da kamfani ke aikowa kullum, kuma wanda ya yi wata shida bai karɓi jerin ba, tambarinsa ne kawai ke aiki a ƙasan allo. Intanet a lokacin sai a kafe mai kwanon tauraron ɗan'adam, ana biya da awa. Da modem na MTN da Glo suka zo, data ta yi tsadar da ba wanda zai yarda antibairos ya sha masa ita a ɓoye, sai a kashe sabuntawar gaba ɗaya. Dabarar da aka samo ita ce mutum ɗaya ya sauko da fayil ɗin sabuntawa a kafe, sauran su kwafa a filash. Ba sai an faɗa ba, filash ɗin da ya kawo maganin sau da yawa shi ya kawo cutar.

A watan Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, aka katse layukan waya na tsawon makonni, duk mai dogaro da modem ya zauna ba sabuntawa. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta shiga garin, makarantu suka watse, mutane suka tsere Yola da Kamaru, ba wanda ke ta kwamfuta. Da aka dawo, shaguna da yawa daga tushe suka sake farawa, da wasu injunan gwanjon.

Wanda ya ci gajiyar duk wannan yanayin bai fito daga Turai ko Amurka ba. Smadav, mai koren tambari, wani matashi ɗan Indonesiya mai suna Zainuddin Nafarin ya fara rubuta shi a 2006 yana ɗalibin sakandare a Palangkaraya. Ƙasarsu na fama da irin ciwonmu: kafe, filash, Windows marar lasisi, intanet mai tsada, ga nasu bairos ɗin na gida irin su Brontok. 'Yan megabait ne kawai, ana tura shi hannu da hannu, yana duba filash da zarar an soka, kuma yana fito da fayilolin da aka ɓoye. Ɗalibin da ya ga furojet ɗinsa ya dawo bayan ya fid da rai ba zai ƙara sauraron wani bayani ba, ya ba Smadav amana har abada. Amma masu shi da kansu sun ce mataimaki ne, an yi shi ne ya zauna tare da babban antibairos. A nan aka mai da shi mai gida. Wasu kuma suka wuce gona da iri ta ɗaya gefen, a jibga Avast da AVG da Avira a inji ɗaya, kamar masu gadi uku a ƙofa ɗaya kowa na caje ɗan'uwansa, sannan a ce kwamfuta ta tsufa.

Microsoft ta daɗe tana kallo kafin ta motsa. A Satumban 2009 ta fito da Security Essentials kyauta, mai sauƙi ƙwarai, amma ba ya hawa sai kan Windows mai lasisi, wato ya tsallake yawancin injunan garin. Windows 7 ta rufe ƙofar autorun ga filash, a Fabrairun 2011 aka tura gyaran zuwa XP da Vista. Daga Windows 8 a 2012, Defender ya zama cikakken antibairos da ke zuwa a cikin Windows, haka kuma a Windows 10 ta 2015. Da farko ɗakunan gwaji irin su AV-TEST na Jamus da AV-Comparatives na Ostiriya ƙaramin maki suke ba shi. Cikin 'yan shekaru ya kamo na kuɗi.

Su kuma na kyautan suka yi ƙiba. Aka cika su da mai share shara, da VPN, da burauza, da tallan a sayi babban. Avast ya sayi AVG a 2016 kan dala biliyan 1.3. A farkon 2020 aka bankaɗo cewa reshensa Jumpshot na sayar da bayanan shafukan da masu amfani ke ziyarta, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. Norton ya sayi Avira, ya haɗe da Avast a 2022 ƙarƙashin sunan Gen Digital. Mai gardamar Avast ko AVG ko Avira a yau, kayan gida ɗaya yake zaɓa a tsakani.

Abin da ya rage a teburin masu gyara da yawa al'ada ce da ta rayu bayan dalilinta. Ana kawo laftof mai Windows 10, sai a fara kashe Defender, don yana cinye kirak, wato fayil ɗin da za a buɗe Office da shi ba lasisi, sannan a ɗora Smadav a ce an sa rigakafi. An cire wanda ya fi ƙarfi, an shigo da fayil ɗin da ba a san wanda ya haɗa shi ba. Ga wanda ke da Windows mai karɓar sabuntawa, antibairos na kyauta mafi sauƙi shi ne wanda ya zo da ita, a bar shi a kunne. Smadav na iya zama a gefe a shagon da filash ke shiga da fita duk yini. Nawar da ake ɗora wa antibairos kuwa, galibi ta tsohon hadis ce, wato faifan ajiya, da RAM gigabait 4, kuma canza hadis zuwa SSD ya fi kowane sauyin manhaja tasiri.

Tsufan Windows ɗin kanta shi ne abin da antibairos ba zai gyara ba. An daina tallafa wa XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, sharaɗin da laftof ɗin gwanjo da yawa ba su cika ba, kuma su ne Turai da Amurka ke sallama yanzu suna biyo jirgin ruwa zuwa Legas.