Yadda tauraron ɗan Adam ke gane gonar shinkafa a ƙasar hatsi

Wani zai ce, shinkafa kuma a Agye? Gaskiya ne, Agye da Gazawa da Gidan Rumji ƙasar hatsi ce da dawa, wake, gujiya da riɗi. Galibin shinkafar Nijar a bakin kogin Isa ake noma ta, wajen Tilaberi, Yamai da Gaya. In za a same ta a nan, sai a fadama ko bakin tabki, ko cikin kwarin Gulbin Maraɗi da ya ratsa Gidan Rumji. Ƙananan filaye ne a warwatse, ƙidayarsu da ƙafa wahala ce. Gonar da ba ta shiga lissafi ba kuwa, da wuya a tuna da mai ita ranar rabon iri da taki.

Shi ya sa ake duba ta daga sama. Tauraron Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana sake ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan kowane kwana 5, kuma hoton kyauta ne. Kowane ɗigo a ciki fili ne mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Ke nan hekta guda ɗigo 100 ce.

Hoto ɗaya ba ya isa, jera su ake yi. Gonar shinkafa takan fara da ruwa kwance, ta yi duhu a hoton, daga baya ta rufe da kore. Hatsi ba ya yin haka, a kan rairayi yake tashi. In girgijen damina ya tare, sai a koma ga Sentinel-1, mai na'urar rada da ke ratsa gajimare. A ƙasar nan, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ta daɗe tana bin damina da hotunan tauraro.

Amma fa inji yana ruɗewa. Da rani, duk abin da ya yi kore a wannan yanki yana fitowa fili: lambun tumatir, albasa, mangwaro, kabar Gulbin Kaba, har da gawo, da yake shi sai rani yake ganye. Ƙaramin fili da bai kai ɗigo biyu ko uku ba kuma, ɓacewa yake cikin na maƙwabci.

Don haka dole ma'aikatan gona su sauko ƙauye da GPS, su tsaya a kan gona su rubuta abin da aka shuka, da shi ake koya wa kwamfuta. In kun gan su, ku faɗi ranar da kuka yi shuka da lokacin da ruwa ya kwanta a filin.